BABI NA UKU: GANO MUSABBABIN ƘARAR INJI DA SAFE DA TARUWAR LAKAR BAƘIN MAI A TSOHUWAR MOTA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan matsaloli guda biyu da suka fi addabar motar da ta daɗe tana aiki, wato ƙarar ƙas-ƙas da inji kan yi idan an tayar da shi da safe, da kuma lakar baƙin mai da ke taruwa a cikinsa. An haɗa su wuri guda ne saboda sau da yawa ɗaya ce ke haifar da ɗaya. Yawancin motocin da ke yawo a Nijeriya da Nijar an shigo da su ne bayan sun yi aiki na shekaru a Turai ko Amurka, su ne ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Mai irin wannan mota idan ya ji ƙara da safe yakan rasa na yi. Idan ya ƙyale ta, inji na iya bugawa, idan kuma ya garzaya gareji, ana iya sauke masa inji a kan abin da bai kai ya kawo ba. Saboda haka babin zai duba yadda baƙin mai ke zagaya inji, da yadda laka ke samuwa, da ire-iren ƙarar da ake ji, sannan matakan da ake bi a gano ainihin ciwon kafin a kai ga kashe kuɗi. Za a kafa misali da injinan Toyota na shekarun 1997 zuwa 2002, domin a kansu ne wannan matsala ta fi yin suna a duniya, ga su kuma da yawa a hannun masu haya a ƙasar nan.

3.1 Yadda Baƙin Mai ke Zagaya Inji

Idan mota ta kwana, kusan duk baƙin man da ke cikin inji yakan gangara ya taru a kwanon da ke ƙarƙashinsa. Da zarar an tayar da ita, famfon mai zai zuƙo man ta wani bututu mai raga a bakinsa, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ta ƙananan hanyoyin da aka huda a jikin inji zuwa metal ɗin karanshaf, sannan ya hau sama zuwa kamshaf da tafet da bawul. Bayan ya gama aikinsa sai ya bi ta wasu ramuka ya koma kwanon da ya fito. Ke nan sassan da ke saman inji su ne na ƙarshe da mai ke isa gare su, shi ya sa idan aka samu jinkiri ko ƙarancin mai, daga can ake fara jin kuka.

Aikin baƙin mai bai tsaya ga sanya santsi tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba. Yana kwashe zafi daga fistin da metal, yana riƙe dauɗa a jikinsa har ranar juye, yana kuma kashe kaifin sinadarai masu cin ƙarfe da ƙonewar fetur ke haifarwa. A injinan zamani ma da ƙarfin matsin mai ake cike gurbin tafet, da shi ake ɗaure cen ɗin tayimin, da shi kuma ake juya giyar da ke sauya lokacin buɗe bawul, wadda kamfanin Toyota ke kira VVT-i.

Kaurin mai yana sauyawa da yanayi. Lambobin da ake gani a jikin galan, kamar 5W-30 ko 20W-50, ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu a cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100. Duk sa'ad da lambar farko ta yi girma, man zai fi nauyin tafiya da safe. Wannan ne ya sa masu mota suka fi kokawa da ƙarar a lokacin hunturu, tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu, musamman a garuruwa masu sanyi irin Jos.

3.2 Ma'anar Lakar Baƙin Mai da Yadda Take Samuwa

Abin da ake nufi da laka a nan shi ne baƙin man da ya lalace ya yi kauri, ya manne a jikin inji. Wani yana da laushi kamar man kaɗanya, wani ya yi danƙo kamar kwalta, wani kuma ya bushe ya zama ɓarɓashi kamar gawayi. Ana iya kasa lakar gida biyu dangane da yadda ta samu.

Kashi na farko ita ce lakar sanyi. Duk lita ɗaya ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma kaɗan yakan kutsa ta gefen ringin fistin ya sauka cikin mai, tare da toka da fetur ɗin da bai ƙone ba. Idan inji ya yi zafi sosai na tsawon lokaci, ruwan yakan ƙafe ya fita. Amma motar da aikinta daga gida zuwa kasuwa ne, tafiyar minti biyar ko goma, ba ta kai wannan zafi, sai ruwan ya cakuɗe da mai ya zama laka mai ruwan toka. Wata al'ada da ta zama ruwan dare a gareji tana ƙara rura wannan matsala, wato cire tamostat daga inji da zarar mota ta shigo ƙasa, bisa zaton cewa kayan ƙasar sanyi ne. Aikin tamostat shi ne tare ruwan lagireto har inji ya kai zafin da aka tsara masa, wanda a injinan Toyota da ake magana a kansu digiri 82 ne. Idan babu shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa shan fetur fiye da kima, wani ɓangaren fetur ɗin kuma ya wanke bangon silinda ya faɗa cikin mai.

Kashi na biyu ita ce lakar zafi. Baƙin mai yana haɗuwa da iska a cikin inji, kuma zafi na hanzarta lalacewarsa. Ƙa'idar da masana man inji ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai kusan sau biyu. Motar da ke ɗaukar kaya fiye da ƙarfinta a watannin bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ko wadda lagiretonta ya toshe, ko fankarta ba ta aiki daidai, tana dafa manta ne. Irin wannan laka baƙa ce wuluk, kuma ta fi taruwa a saman inji.

Bayan waɗannan, akwai wasu dalilai da ke taimakawa. Na farko shi ne jinkirin juye, domin sinadaran wanki da ke cikin mai suna ƙarewa da aiki. Na biyu shi ne amfani da man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Na uku shi ne toshewar bawul ɗin numfashi da ake kira PCV, wanda ke fitar da tururi da hayaƙi daga cikin inji. Na huɗu shi ne ƙurar hunturu da ke shiga ta yagaggiyar filtar iska. Na biyar kuwa shi ne yoyon ruwan lagireto cikin mai idan gasket ya ƙone.

3.3 Misalin Injinan Toyota na 1997 zuwa 2002

A ƙarshen shekarun 1990 masu motocin Toyota a Amurka suka fara kai ƙorafi cewa injinansu na cika da laka har su buga, wasu tun ba su yi nisa ba. Injina biyu abin ya shafa. Akwai 5S-FE mai silinda 4 da girman lita 2.2, wanda aka fi sani a Camry, da kuma 1MZ-FE mai silinda 6 da girman lita 3.0, wanda ke cikin Camry da Avalon da Sienna da Highlander da Lexus ES300 da RX300. Kamfanin ya tsaya a kan cewa rashin yin juye a kan lokaci ne ya jawo matsalar. Masu motocin da wasu kanikawa kuwa suka ɗora laifin a kan ƙirar injinan, suna cewa samansu na yin zafi da yawa kuma hanyar numfashinsu ba ta wadatar ba. A shekarar 2002 kamfanin ya amince zai gyara duk injin da laka ta lalata har tsawon shekara 8 daga ranar da aka fara sayar da motar, komai nisan da ta yi, muddin mai ita ya nuna shaidar kula da ita. A shekarar 2007 kuma aka sasanta ƙarar da masu motoci suka shigar a wata kotu a jihar Luwiziyana, sulhun da ya shafi motoci kimanin miliyan 3.5. Kamfanin Volkswagen ma ya yi irin wannan alkawari na shekara 8 a 2004 game da injinsa mai lita 1.8 da tobo da ke cikin Passat da Audi A4.

Wa'adin waɗannan alkawura ya wuce tuntuni, kuma da yawa daga cikin motocin sun ƙare a Afirka ta Yamma. Wanda ya sayi Camry ko Sienna ta waɗannan shekaru ya gaji duk tarihin injinta ba tare da takarda ba. Har ila yau akwai wani abin lura. Littafin waɗannan motoci ya ce a yi juye duk bayan mil 7,500 a aiki na yau da kullum, ko mil 5,000 a aiki mai wahala. Mitar motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa ya kai kilomita 1.6. Direban da ya ɗauka kilomita mitarsa ke nunawa, idan ya ga 5,000, haƙiƙa ya yi kilomita 8,000 ne. Bugu da ƙari, ƙura da gajerun tafiye-tafiye da daɗewa a silo, duk suna cikin abin da littafin ya kira aiki mai wahala, kuma su ne halin yau da kullum na motar haya a ƙasar Hausa.

3.4 Ire-iren Ƙarar da Ake Ji da Safe

Ba kowace ƙara ce ke nuna laka ba, kuma ba kowace ce ke da haɗari ba. Ana bambance su ta la'akari da abubuwa huɗu: yanayin sautin, da wurin da yake fitowa, da saurinsa, da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya ɓace.

3.4.1 Ƙarar Tafet

Wannan siririyar ƙara ce, ƙas-ƙas-ƙas, daga saman inji. Kamshaf yana juyawa ne da rabin saurin karanshaf, don haka idan inji na silo a kan juyi 750 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 375, wato kimanin sau 6 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarar da ke tafiya da wannan sauri daga ɓangaren bawul take. Sai dai tafet iri biyu ne, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Akwai mai aiki da matsin mai, kamar wanda ke cikin yawancin injinan Golf 3. Shi idan mota ta kwana man da ke cikinsa kan tsiyaye, sai ya yi ƙara na 'yan daƙiƙoƙi har ya sake cika, wannan kuwa ba ciwo ba ne. Idan ƙarar ta kai mintuna, to ƙaramin ramin da mai ke shiga ta ciki ya toshe da laka, ko tafet ɗin ya gaji. Akwai kuma wanda ba ruwansa da matsin mai, wanda ake saita tazararsa da hannu. Na Peugeot 504 da noti ake saita shi, na injinan Toyota biyu da aka ambata kuwa da wasu faifan ƙarfe masu kama da kwabo. Irin wannan idan tazararsa ta yi yawa zai yi ƙara da sanyi da zafi, kuma babu wani mai ko magani na gwangwani da zai kashe ƙarar sai an saita shi.

3.4.2 Ƙarar Giyar VVT-i da Cen

Wannan kan zo ne kamar an girgiza tsakuwa a gwangwani, na daƙiƙa ɗaya zuwa uku, daidai lokacin da inji ya kama. A cikin giyar akwai wani ɗan ƙarfe da ke kulle ta idan an kashe mota. Idan ya cinye ko laka ta hana shi komawa gurbinsa, giyar za ta yi ta kaɗawa har mai ya iso. A injinan da ke da cen a maimakon bel, abin ɗaure cen ɗin ma kan yi irin wannan ƙara.

3.4.3 Ƙarar Fistin

Fistin da alminiyam ake yin sa, shi kuwa yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen bangon silinda. A tsohon inji fistin kan yi sako-sako da safe, ya riƙa marin bango yana ba da sauti mai ɗan zurfi daga tsakiyar inji. Idan ƙarar na raguwa a hankali yayin da inji ke ɗumama har ta ɓace, mota na iya shekaru tana aiki da ita.

3.4.4 Yoyon Salansa da Ƙarar Nozul

Idan gasket ɗin bututun hayaƙi ya fashe a inda ya haɗu da inji, ko noti ya karye, ana jin tsat-tsat mai kama da ta tafet, wadda kan lafa idan ƙarfe ya yi zafi ya kumbura ya rufe kafar. Alamarta ita ce baƙin tabo a wurin da warin hayaƙi. Nozul ɗin fetur su ma suna yin ƙaramar ƙara a kowane lokaci, wannan kuwa aikinsu ne.

3.4.5 Ƙarar Metal

Wannan ita ce mai haɗari. Sauti ne mai nauyi, ƙwan-ƙwan, daga ƙasan inji. Da farko takan zo da safe kawai, na 'yan daƙiƙoƙi kafin fitilar mai ta mutu. Idan ta tsananta, tana ƙaruwa ne da zafin inji da kuma taka totur, saboda mai ya tsinke. Motar da ke wannan ƙara bai kamata a ci gaba da tuƙa ta ba.

3.5 Matakan Gano Ciwon

Ƙa'idar bincike ita ce a fara da abu mai sauƙi da araha kafin a kai ga mai wuya. Ga matakan a jere.

Mataki na farko shi ne tambayar mai mota. Yaushe ƙarar ta fara? Wane mai ake zubawa? Yaushe aka yi juye na ƙarshe, kuma wace irin filta aka saka? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin a cikin filta akwai wata roba da ke hana mai tsiyayewa idan an kashe inji. A jabun filta robar kan ƙandare ko ta kasance babu ita sam, sai inji ya tashi kullum da busassun hanyoyi. Idan ƙarar ta fara ne jim kaɗan bayan juye, filta ce abin zargi na farko.

Mataki na biyu shi ne duba geji a wuri mai daidai, inji yana kashe. Ana duba yawan man, da warinsa, da kamanninsa. Baƙi kawai ba laifi ba ne, alama ce man yana kwashe dauɗa. Warin fetur, ko launin shayi da madara, ko ƙyalƙyalin ɓarɓashin ƙarfe idan an haska shi a rana, su ne abin damuwa.

Mataki na uku shi ne sauraro. Wajibi ne motar ta kwana a gareji, domin injin da aka tuƙo ya riga ya yi zafi, ƙarar ta ɓuya. Mutum ɗaya zai tayar, ɗaya ya tsaya a gaban inji yana ƙirga daƙiƙoƙin da ƙarar ta ɗauka, mai tayarwa kuma ya lura da lokacin da fitilar mai ta mutu. Kanikawa kan ɗora bakin dogon sukudireba a kan murfin inji, da jikin inji, da kwanon mai, su kara kunne a mariƙinsa, su ji inda sautin ya fi ƙarfi. Dole a yi hattara da fanka da bel yayin wannan aiki.

Mataki na huɗu shi ne awon matsin mai. Fitilar da ke gaban direba ba ma'auni ba ce, domin a motoci da yawa ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa da rabin bar, lokacin da ɓarna ta riga ta fara. Ana kwance makunnin fitilar a ɗaura agogon awo a gurbinsa, a auna bayan inji ya yi zafi. A injin 1MZ-FE, kamfanin ya ƙayyade aƙalla kimanin bar 0.3 a silo, da kimanin bar 3 zuwa 5.4 a juyi 3,000. Idan matsin ya yi kyau a silo amma ya faɗi da aka taka totur, galibi ragar bututun famfo ce ta toshe da laka. Idan kuwa yana da kyau da sanyi amma ya zube da inji ya yi zafi, an fi zargin cinyewar metal ko gajiyar famfo.

Mataki na biyar shi ne buɗe murfin saman inji. Leƙawa ta bakin zuba mai ba ya wadatarwa, musamman a 1MZ-FE, inda wani faifai ya tare bakin, ga shi kuma yakan yi baƙi ko da cikin injin yana da tsabta. A wannan inji murfin gaba yana da sauƙin kwancewa, shi ake fara buɗewa. Idan ƙarfe ya rine ya yi ruwan zuma ko ruwan ƙasa, wannan tsufa ne kawai. Idan kuwa ana iya kwaso laka da cokali, ko ramukan da mai ke komawa ƙasa sun cushe, to ciwon ya tabbata. A nan ne kuma ake auna tazarar bawul, inji yana da sanyi. A 1MZ-FE, na shiga milimita 0.15 zuwa 0.25 ne, na fita 0.25 zuwa 0.35. A 5S-FE kuwa 0.19 zuwa 0.29 ne da 0.28 zuwa 0.38. Ana kuma cire bawul ɗin PCV a girgiza shi, idan ba a ji motsi a cikinsa ba ya toshe.

Mataki na shida shi ne kwance kwanon mai a duba ragar famfo. Idan aka tarar da ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe ko azurfa a ƙasan kwanon, metal ya fara cinyewa, kuma wanki kaɗai ba zai ceci injin ba.

3.6 Hanyoyin Gyara da Kurakuran da Ake Yi

Maganin ya danganta da abin da aka gano. Idan ƙarar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, matsin mai yana daidai, cikin inji kuma da tsabta, to sauya filta da zuba man da kamfani ya ƙayyade kan wadatar. Ga injinan Toyota biyun nan, 5W-30 littafin motocin Amurka ya ambata. Idan lakar kaɗan ce, sai a zuba mai mai inganci a riƙa yin juye kusa-kusa, alal misali duk bayan kilomita 1,500 har sau uku ko huɗu, ana sauya filta kowane karo, domin sinadaran wankin da ke cikin man su narkar da ita sannu a hankali. Idan kuwa ta yi yawa, babu makawa sai an kwance murfin sama da kwanon ƙasa, a toshe ramukan komawar mai da tsumma mai tsabta, a kankare lakar da hannu, a wanke ragar famfo ko a sauya ta, a kuma wanke ƙananan ragogin da ke hanyar man VVT-i, sannan a sa sabon PCV.

Kuskure na farko da ake yi shi ne zuba gas ko kananzir a cikin inji a tayar da shi da sunan wanki. Waɗannan ba su da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, ga shi suna ɓamɓaro laka gunduwa-gunduwa, ta gangara ta rufe ragar famfo gaba ɗaya. Injin da ya shigo gareji yana ƙas-ƙas sai ya buga bayan 'yan kwanaki. Ko magungunan wanki na gwangwani ma suna da wannan haɗari a injin da lakarsa ta yi kauri.

Kuskure na biyu shi ne zuba mai mai kauri sosai don a kashe ƙarar. Wannan na iya rage sautin idan inji ya yi zafi, amma da safe yana ƙara jinkirta isar mai saman inji, yana kuma wahalar da giyar VVT-i da aka ƙera don mai marar kauri. An rufe bakin ciwon ne kawai, yana nan yana ci.

Kuskure na uku shi ne taka totur da ƙarfi da zarar mota ta tashi, wai don inji ya buɗe. A wannan lokaci mai bai gama zagayawa ba, don haka ɓarnar ta fi yawa. Abin da ya dace shi ne a jira fitilar mai ta mutu, ƙarar ta lafa, sannan a ja motar a hankali har ta ɗumama.

Kuskure na huɗu shi ne cire wayar fitilar mai idan ta dami direba da ƙyaftawa. Wanda ya yi haka ya toshe bakin mai gargaɗinsa na ƙarshe.

3.7 Rigakafi

Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin galan ɗin mai da filta bai kai kusa da kuɗin sauke inji ko sayen wani ba, balle a haɗa da kwanakin da motar haya za ta yi a ajiye ba ta kawo komai gida. Abin da ake bukata shi ne a riƙa bin wa'adin aiki mai wahala wajen juye, a rubuta ranar da lambar mita a littafi, a kuma yi juye duk bayan wata shida ko da motar ba ta cika kilomitar ba. A sayi mai a rufe daga wurin da aka amince da shi, a duba alamar ingancin API a jikin galan. Matakin SJ shi ne na zamanin da aka ƙera waɗannan injina, bayansa aka fito da SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, da SP a 2020, kuma kowane sabo yana iya maye gurbin na baya a injin fetur. A mayar da tamostat inda aka cire shi, a gyara lagireto da fanka, a kula da filtar iska lokacin hunturu. Motar da ba ta fita cikin gari kuma, yana da kyau a riƙa yin doguwar tafiya da ita lokaci-lokaci, domin ruwan da ya taru a manta ya ƙafe. Mai niyyar sayen tsohuwar mota kuwa, ya nemi a tayar masa da ita da sassafe a gabansa bayan ya taɓa inji ya ji da sanyi, kada ya dogara da lambar mita, domin akan mayar da ita baya.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙarar da inji ke yi da safe tana da tushe daban-daban, daga wadda ba ta da illa kamar ta nozul da ta tafet mai ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi, zuwa ta metal da ke nuna inji na gab da bugawa. An kuma nuna yadda sanyi da zafi da jinkirin juye ke mayar da baƙin mai laka, da yadda lakar ke toshe hanyoyin mai har sassan sama su fara kuka. Misalin injinan Toyota na 1997 zuwa 2002 ya nuna cewa ƙirar inji da irin kulawar da ake ba shi duk suna da hannu a matsalar. Daga ƙarshe an jero matakai shida na bincike, daga tambayar mai mota har zuwa kwance kwanon mai, waɗanda idan aka bi su bi-da-bi za a san ko injin juye kawai yake bukata, ko wanki da hannu, ko kuma saukewa. Babi na gaba zai duba matsalar zafin inji da gyaran lagireto.